Yadda Yayana Ya Daina Hawa Tankin Gwaggo

Yayana ne ya fara sana'ar, ni daga baya na shigo. A Jega yake zaune, yana da ɗan shago a bakin hanyar da ke shiga kasuwa, inda a da yake gyaran rediyo da talabijin. Da gyaran ya ja baya sai ya koma raba intanet. Ya kafa dogon ƙarfe a bayan shagon, ya ɗaura masa eriyoyi, ya riƙa ba masu POS da masu kemis da wasu 'yan ofisoshi sabis. Ni kuwa malamin makaranta ne a Aliero, lissafi nake koyarwa. Rabon aiki tsakaninmu bai taɓa buƙatar shawara ba. Duk abin da ya shafi zama gaban kwamfuta nawa ne. Duk abin da ya shafi hawa sama nasa ne, domin ni ko katanga tsoron hawanta nake.

Da sana'ar ta ɗan kankama sai mutanen Maiyama suka nemi a kai musu. A can muna da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda take zaune a gidan da mijinta ya rasu ya bari. A tsakar gidan akwai tankin ruwa a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, ya fi duk ginin unguwar tsawo. Gwaggo ta yarda muka ɗaura eriya biyu a kansa. Babbar tana kallon Jega, ita ke karɓo sabis daga shagon Yaya. Ƙaramar kuma ita ke rarraba shi cikin gari. Batir da adaftocin da ke ba su wuta duk Yaya ya zuba su a wani akwatin ƙarfe, ya ɗaure a can sama gefen tankin, don kada awaki ko masu dogon hannu su kai gare su.

Matsalar ita ce babbar eriyar tsohuwa ce, kuma tana da wani hali. Sai tana aiki lafiya lau, ta daskare. Fitilarta na ci, amma ba ta karɓa ba ta bayarwa. Maganinta ɗaya ne, a zare mata wuta a mayar. Aikin da bai wuce ƙiftawar ido ba, amma sai Yaya ya rufe shago, ya hau babur daga Jega zuwa Maiyama, ya kama siririn tsanin ƙarfen nan ya hau har ƙololuwa, ya buɗe akwati, ya zare ya mayar. Wani watan sau ɗaya, wani watan har ya gaji da ƙirgawa. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Ina ma jin yana son abin, domin in ya sauko Gwaggo ta riga ta dama masa fura.

Ana nan sai asibiti suka ce yana da ciwon suga. Ya karɓi magani, ya daina zuba suga a shayi, ya ci gaba da harkokinsa kamar ba a ce komai ba. Mu ma muka bi shi a haka.

Wata ranar bazara ina cikin aji wayata ta yi ta ƙara a aljihu. Da na fito na duba, Gwaggo ce. Ba ta saba kirana ba, sai dai ni in kira ta, saboda haka na san ba lafiya ba tun kafin in kira ta in ji muryarta.

"Ɗan nan, yayanka ya sauko dai," ta ce. "Shina nan zaune bisa tabarma. Amma ina son ka san abin da na gani."

Ta ce ya hau kamar kullum, ya yi abin da zai yi, sai ta ga ya zauna a kan dandamalin tankin ya rungume ƙarfe da hannu biyu. Ta yi masa magana bai amsa ba. Ta tsaya a ƙasa tana kallonsa, ba ta iya hawa, kuma tana tsoron ta kira maƙwabta su taru su ruɗa shi ya saki hannu. Da ƙyar ya ɗago kai ya ce mata jiri ne, zai wuce. Ya daɗe kafin ya sauko.

"In ya hwaɗo cikin gidan ga, mi zan ce ma ɗiyanai?" ta ce. "Ku san yadda za ku yi da wanga abu."

Da na je Jega a ƙarshen mako, matar Yaya ta tare ni tun a zaure kafin ya fito. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce ta yi masa faɗa ya yi dariya, ta yi kuka ya fita ya bar mata gidan. Ta ce ni ƙanensa ne, amma yana jin maganata a kan kayan aikin nan, in dubi Allah in nemo dabara.

Dabarar dama na san da ita, kasala ce kawai da ganin abu na tafiya suka hana mu yi. Akwai irin suwic, wato akwatin nan mai kafofi da ake cusa wayoyin netwok a ciki, wanda yake iya tura wutar lantarki ta cikin wayar da ke ɗauke da sabis ɗin. PoE ake ce wa tsarin. In muka samu irinsa, babu sauran dalilin barin batir da adafta a sama. Komai zai sauko ɗaki, waya kawai za ta hau zuwa kowace eriya. Mai kyau daga cikinsu har ana iya shiga cikinsa ta kwamfuta a kashe wutar kafa ɗaya a kunna. Wani ma yana da saitin da zai riƙa taɓa eriyar da kansa lokaci lokaci, in ya ji shiru ya ɗauke mata wuta ya mayar ba tare da kowa ya motsa ba.

Na san in na kawo wa Yaya zancen ta fuskar lafiyarsa zai rufe ƙofa. Sai na bi ta wajen masu POS na Maiyama, na ce ranar kasuwa in sabis ya ɗauke sai sun yi zaman jiran ya iso daga Jega, mutane na tsaye a kansu. Ya saurare ni yana ɗaure wata waya da salatif, bai ɗago ba.

"Malam," ya ce, don haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana. "Gwaggo ta kira ka ke nan."

"Ta kira ni."

Ya ci gaba da naɗa salatif ɗin har ya wuce inda ya kamata.

"To sawo mu gani," ya ce.

Na samo na hannu wajen wani abokin karatuna da ke irin wannan aiki a Birnin Kebbi. Na kawo shi ɗakina a Aliero, na yi kwanaki ina shiga cikinsa bayan an tashi makaranta. Lokacin an gama cire albasa, duk garin warinta yake, har takardun ɗalibai da nake dubawa. Ina zaune tagar a buɗe, manyan motoci na lodin buhuna a bakin titi, ni kuma ina bin shafukan saitin ɗaya bayan ɗaya. Na ba kafofin suna, ta farko na rubuta Jega, ta biyu na rubuta Gari. Na ga inda ake zaɓar wadda za a fifita in batir ya yi ƙasa, na fifita ta Jega, tunda in ba ita ɗayar ba ta da abin rabawa. Na kuma kunna saitin nan mai sa ido a kan eriya, na bar shi yadda na same shi. Na ji a raina na gama komai.

Muka sa ranar Asabar. Muka tafi da sassafe a kan baburinsa, ni a baya rungume da suwic da laftof, naɗin waya a tsakaninmu. A hanya muka tsaya garken shanu ya gama tsallaka titi, Yaya yana gaisawa da makiyayin da ɗan Fillancin da ya iya. Ina kallon ƙeyarsa, na ga furfura ta yi yawa fiye da yadda na sani.

Gwaggo ta riga ta share mana ɗan ɗakin da take ajiye masara da tsofaffin kwanoni. Yaya ya hau, ya kwance batir ya zuro mini shi da igiya, sannan adaftocin, sannan akwatin kansa. Farantin sola da ke cajin batir ma muka mayar da shi kan rufin ɗakin, inda ko ni zan iya kaiwa da ɗan gajeren tsani. Wannan duk ya ci mana safiya. Kafin mu ja sababbin wayoyin biyu daga ɗaki zuwa saman tanki rana ta take, ƙarfen tsanin ya yi zafin da sai da ya naɗe hannu da tsumma.

Na ce ya sauko ya huta mu ƙarasa da la'asar. Ya ce masu sabis tun safe suke jira, kuma hawa ɗaya ya fi hawa biyu. Gwaggo ta tilasta masa ya tafi da gorar ruwa da dabino a aljihu.

Na zauna a bakin ƙofar ɗakin, laftof a cinya, inda zan iya ɗaga kai in gan shi. Ya cusa wayar ƙaramar eriya, na cusa nawa ɓangaren a kafa ta biyu. Nan take fitilar kafar ta kama, a allon kuma na ga ta fara jan wuta.

"Ta kawo," ya ce daga sama.

Ya cusa ta babbar, na cusa a kafa ta farko. Shiru. Na zare na mayar. Shiru. A allon, gaban sunan Jega, babu komai sai sifili.

"Malam, mi ya hana ta?"

"Ina dubawa, Yaya."

Na fara zargin kan wayar da muka matse, na canza ta zuwa wata kafa, duk ɗaya. Zufa na ɗiga a kan madannan laftof. Sai na tuna abin da abokina ya gaya mini a gurguje ranar da na karɓo kayan. Sababbin na'urori su ke gaya wa suwic irin wutar da suke so, shi ya sa ƙaramar ta kama da kanta. Tsofaffi ba sa magana. Sai mutum ya shiga ya zaɓa musu ƙarfin wutar da hannunsa, ko bolt ashirin da huɗu ko arba'in da takwas, ya tura. In ya tura babbar wuta ga mai son ƙarama, ta ƙone ke nan. Kuma ba mu da wata eriyar da za ta iya hango Jega in wannan ta tafi.

Na ɗaga murya na ce ya duba bayan eriyar, akwai takarda manne da ke faɗin wutar da take ci. Na ga ya zagaya, ya dafa ƙarfe da hannu ɗaya, ya leƙa da rabin jikinsa a waje. Gwaggo da ke tsaye kusa da ni ta kama bakin zanenta ta damƙe.

"Rana ta cinye rubutun," ya ce. "Ba a ganin komi."

"To dawo ciki, Yaya. Dawo ka zauna."

Na tashi na shiga ɗaki na zazzage kayan da ya zuro da igiya. Adaftoci biyu ne, duk sun yi ƙura, amma su a cikin akwati suka zauna, rubutunsu bai goge ba. Ɗaya an rubuta ashirin da huɗu, ɗaya arba'in da takwas. Na fito da su na ɗaga masa, na tambaye shi wanne ne na babbar.

"Mai ɗaurin jan salatif," ya ce. "Ni na ɗaura mai da hannuna."

Mai jan salatif shi ne ashirin da huɗu. Na koma kan laftof, na zaɓa, na sake karantawa, na kai wa adaftar ido na sake karantawa. Na yi bismillah na danna.

Fitilar kafar ta kama. Lambar da ke allon ta tashi daga sifili.

"Ta kawo," ya ce, na ji dariya a muryarsa.

Ban gama sauke numfashi ba fitilar ta mutu. Ta ɗan jima ta sake kamawa. Muka jira. Ta sake mutuwa.

"Mun ƙone ta?" ya tambaya. Wannan karon muryarsa ta yi ƙasa, kuma na lura ya zauna ya jingina da tankin, ya daina leƙowa.

"Ka sauko hakanan," Gwaggo ta ce masa. "A bar ta ta mutu."

"In na sauko sai na sake hawa, Gwaggo."

Na san gaskiya ya faɗa, na kuma san ba zai sauko ba sai ta tsaya. Na tilasta wa kaina na daina kallon sama na kalli allon. Abin da ya ƙone ba ya kamawa ya mutu ya sake kamawa. Kuma na lura tsakanin kamawa da mutuwar kusan tazara ɗaya ce kowane karo, kamar wani ne ke tsaye yana yi da gangan. Na buɗe shafin da suwic ke rubuta abin da ya aikata, sai ga shi layi bayan layi, shi da kansa ne ke ɗauke wutar. Saitin sa idon nan da na kunna a Aliero ne. Yana ba eriya wuta, ya ɗan jira kaɗan, ya taɓa ta. Ita kuwa tsohuwa ce, tana daɗewa kafin ta gama farkawa. In ya ji ba ta amsa ba sai ya ɗauka ta daskare, ya yanke mata wuta, su koma farko.

Na kashe saitin gaba ɗaya. Fitilar ta kama, muka jira. Ta wuce inda take mutuwa. Ta ci gaba da ci. Can sai wayata da ke ajiye a kan tabarma ta fara ƙara, saƙonnin da suka taru tun safe suna shigowa a jere.

"Yaya, ta haɗu da Jega. Sauko."

Bai yi gardama ba. Ya ɗaure wayoyin a jikin ƙarfe, ya juya baya ya fara saukowa. Ban taɓa kallon saukowarsa da kyau ba sai ran nan. A hankali yake yi, yana laluben kowane mataki da ƙafa kafin ya saki nauyinsa. Na je na tsaya a gindin tsanin na riƙe shi da hannu biyu, ko da yake a kafe yake, riƙona ba ya ƙara masa komai. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai na zauna a wurin a kan turɓaya. Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da kwanon fura ta miƙa masa, ta ce ba ta sa suga ba.

Bayan mun yi sallar azahar mun ci abinci, na koma na gyara saitin a natse. Na sake kunna shi, amma na ba eriyar isasshen lokacin farkawa, na kuma sa sai ya taɓa ta ya sake taɓawa ya ji shiru kafin ya ɗauke wuta. Yaya ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce in nuna masa inda ake kashewa da kunnawa. Na nuna masa. Ya sa yatsa ya danna, ya fita tsakar gida ya kare ido da hannu yana kallon sama, ya dawo ya sake dannawa.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan."

Ya girgiza kai. Ban gane ko daɗi ya ji ko haushi ba, ina jin duka biyun ne.

Duk da haka hankalina bai gama kwanciya ba, domin ban ga abin ya yi aiki da kansa ba tukuna. Sai da damina ta sauka. Wata Laraba da hantsi hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa mai iska har muka rufe tagogin aji. Da aka fita hutun tara na shiga ofishin malamai na duba waya, na ga wani mai POS na Maiyama ya kira ni, ya kuma turo saƙo cewa sabis ya ɗauke. Na kira Yaya, wayar ba ta shiga. Na tsaya a bakin taga ina kallon ruwa na zuba daga indararo, ina hango shi a kan babur a wannan titin mai santsi. Kafin in sake kira sai wani saƙon ya shigo daga mutumin, ya ce a bar shi, sabis ya dawo.

Da yamma matar Yaya ta kira ni tana dariya. Ta ce ranar bai fita shago ba saboda ruwan. Da aka kira shi daga Maiyama ya miƙe ya ɗauki makullin babur, ya sa rigar leda, har ya turo babur ɗin zuwa zaure. Yana tsaye yana jiran ruwan ya ɗan tsagaita aka sake kiransa aka ce sabis ya dawo. Ta ce ya daɗe a zauren da makulli a hannu, sannan ya mayar da babur ɗin, ya cire rigar ledar ya rataye, ya ce ta dafa masa shayi.

Na ce ta ba shi wayar.

"Malam," ya ce, "abin naka ya yi."

"Namu dai, Yaya."

"To. Ka duba min ko za a samu wani irinsa, mu sa ma shago."

Ba zan ce an daina hawa tankin gaba ɗaya ba. Daga baya wata iska ta karkatar da babbar eriyar, wannan kuwa babu saitin da zai gyara shi. Amma a wannan karon Yaya da kansa ya nemo wani mutum daga cikin masu aikin dogayen ƙarafan kamfanonin waya, wanda ya zo da bel da igiyar ɗaure jiki. Yaya ya tsaya a ƙasa da waya a kunne yana ce masa ya ɗan yi dama, ya ɗan yi hagu, ni kuma ina Jega gaban kwamfuta ina gaya musu lokacin da sigina ta cika. Da aka gama ya kira ni ya ce mutumin ya iya aiki, sai dai surutu ya yi masa yawa. Ya ce kuma kada in jira shi a shago, Gwaggo ta ɗora tukunya, sai ya ci zai taho.